Ɗigon Fentin Kawu

Karo na huɗu ke nan farar bas ɗin nan ta dawo garejinmu da ciwo ɗaya, kuma tun kafin direbanta ya kashe inji na san a kaina za a sauke. Ni ce mai kula da wayoyi da na'urar gwaji, saboda haka duk motar da ta kunna fitila a dashbod laifina ne har sai an gano ba nawa ba ne. Ko an gano ɗin ma, ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce mini yi haƙuri ba.

Ba Birki muke ce wa direban, kuma bakinsa ne ba shi da birkin, ba motarsa ba. Ma'aikatan wata masana'anta yake ɗauka safe da yamma, mutum goma sha takwas, a hanyar kuwa akwai wani dogon hawa. A nan motar take ba shi kunya. Da ta kai tsakiyar hawan sai fitila ta kama, ƙarfinta ya zube, ta koma jan ciki har masu keke suna wuce ta suna ɗaga masa hannu.

"Injiniya, yau kam sai da fasinjoji suka sauka suka taka da ƙafa," ya ce da ni tun daga bakin ƙofa. "Wata mata har ta tambaye ni ko a tura. Ni za a tura wa mota? Sau uku kina canza abin nan, sau uku ina dawowa. Ko dai kwamfutar taki ce take da zazzaɓi?"

Na wuce wurin motar. Na jona na'urar, ta faɗi abin da ta faɗa sau uku a baya: iskar da turbo ke turawa cikin inji ta wuce ƙima. Turbo dai fanka ce da hayaƙin mota ke juyawa, ita kuma ta cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Akwai wata 'yar sensa, ba ta kai babban yatsa ba, aikinta auna wannan iskar ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota. In iskar ta yi yawa, ƙwaƙwalwar sai ta rage ƙarfi da gangan don kada inji ya fashe. Karon farko ni da kaina na ce sensar ce ta lalace, na canza ta, kuma wannan kuskurena ne, ba na ɓoye shi. Karo na biyu Kawu ya ce jabu aka kawo mana. Karo na uku na ce a tsaya a duba turbon, aka ce in yi aikina in bar na wasu.

Garejin na Kawu ne, yayan mahaifiyata. Shi ya fara ɗora mini sifana a hannu lokacin da dangi ke cewa ya rasa wanda zai koya wa aiki sai 'ya mace. Shi ya tura ni koyon aikin wayoyi, kuma shekara shida da suka wuce shi ya zaro makullin ƙaramin ɗakin da ke kusa da ofis ya miƙa mini a gaban kowa, ya ce daga yau ɗakin nan nawa ne. A ciki na'urata take, da tebur, da kujera ɗaya mai ƙafa uku da rabi. Ina son Kawu kamar mahaifina, kuma babu mutumin da ya kai shi ɓata mini rai a duniya.

Yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa aiki da shi ya sani. Duk notin da ya ɗaure da hannunsa ya gamsu, sai ya ɗauko ɗan gwangwanin fenti rawaya daga aljihun rigar aikinsa, ya tsoma tsinke, ya ɗiga masa ɗigo biyu. Ma'anar ɗigon nan a garejinmu ita ce an gama magana. Ba a kwance notin, ba a gwada shi, ba a ma tsayawa kallonsa. Kuma babu mai taɓa fentin sai shi. Mai Walda ya shekara ashirin a wurin, ko murfin gwangwanin bai taɓa buɗewa ba.

Kawu ya fito daga ofis yana goge hannu da tsumma, ya leƙa fuskar na'urar daga nesa kamar yadda ake leƙa tukunyar maƙwabta.

"Me ta ce kuma?"

"Abin da ta saba faɗa, Kawu. Iska ta yi yawa."

"Iska ba ta yi yawa ba. Na saurari injin nan, lafiyarsa ƙalau. Surutu ne ya yi wa motocin yanzu yawa." Ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar razista, ɗan abin nan da ke rage ƙarfin wuta a waya, ya ajiye a kan bonet. "Ki saka mata wannan a wayar sensar. Za ta riƙa faɗin ƙasa da abin da take ji, fitila ta mutu, bawan Allah ya tafi neman abincinsa. Mai garejin can ƙasa haka yake yi, babu motar da ta dawo masa."

"Ba sa dawowa, Kawu, don a kan motar ja ake wucewa da su wani wurin."

Mai Walda ya yi tari don ya danne dariya. Kawu bai yi dariya ba.

"Na ce ki rufe mata baki."

"In gaskiya take faɗa fa? Na rufe mata baki, ya hau hawan nan da mutum goma sha takwas, gasket ta ƙone ko fistin ya huje, inji ya tashi aiki. Wa za a ce ya yi? Hannuna ne a kan wayar."

"Auta," ya ce, kuma in ya kira ni da wannan sunan a gaban mutane to ransa ya gama ɓaci, "ni na koya miki aiki ko ke kika koya mini?"

"Kai ka koya mini. Shi ya sa ba zan saka ba."

Har Mai Fenti da ke can baya sai da ya kashe injin feshinsa. Kawu ya dubi agogon bango. Sha ɗaya ta ɗan gota.

"Ƙarfe huɗu zai je ɗaukar ma'aikata. Kafin lokacin, ko ki sallami motar nan ba fitila, ko ki ajiye mini makullina a kan tebur. Ba zan riƙe mutumin da ya fi ni sanin garejina ba."

Ya juya ya koma ofis. Na ji tsoro, ba zan yi ƙarya ba, don ban da ɗakin nan ba ni da wani wurin da ake kira nawa. Amma haushin da nake ji ya fi tsoron yawa. Na ɗauki razistar na jefa ta cikin kwandon shara, na tabbatar ta yi ƙarar da za a ji daga ofis.

Abin da ya kamata in yi tun karon farko shi na yi. A cikin durowar Kawu ta ƙasa akwai wani tsohon geji mai allura na auna iska, wanda ba ruwansa da waya ko kwamfuta, iska ce kawai ke tura allurarsa. Na yanka tiyo, na haɗa shi da bututun da ke kai iska cikin inji, na zaro shi ta gefen bonet na shigo da shi ta taga. In sensar ƙarya take yi, gejin zai ƙaryata ta. In kuwa bakinsu ya zo ɗaya, to, ciwon yana wani wuri.

Motar ba ta nuna halinta sai da kaya, don haka muka loda mata tsofaffin batura da kan inji biyu. Na ce wa Mai Walda ya shigo ya riƙe gejin.

"Ni kuma me ya haɗa ni da rigimarku ta gida?"

"Nauyi nake nema, Baba. Kai kaɗai ka tsaya mini a madadin mutum uku."

Ya zage ni, ya shigo.

Ba Birki bai yi shiru ba tun daga gareji har gindin hawan. Ya ba mu labarin surukarsa, da ciwon bayansa, da wani direba da ya taɓa tsere wa. Da muka fara hawa na ce masa ya taka totur har ƙasa ya kuma rufe bakinsa na minti ɗaya. Lambar da ke fuskar na'urata ta fara hawa. Na ce wa Mai Walda ya riƙa karanto mini allurar da ƙarfi. Duk lambar da ya kira, ita nake gani a hannuna. Muka wuce inda ya kamata iskar ta tsaya, allura ta ci gaba da tafiya, inji ya ɗauki wani kuka mai kaifi da na ji har cikin haƙorana. Sai fitila ta kama, motar ta saki jiki.

"Bakinsu ɗaya," in ji Mai Walda a hankali. Ya dubi gejin, ya dube ni. "Kuma gejin mai gida ne."

Sensoshi uku masu lafiya muka cire muka zubar, ba su yi laifin komai ba sai faɗin abin da suka ji. Kunya ta kama ni a kan na farkon, wanda ni na yanke wa hukunci.

Muka dawo wajen ƙarfe ɗaya. Na sa aka hau da motar kan rami, na jira inji ya huce. Bai gama hucewa ba na shiga, don lokaci ba ya jirana, kuma har yau tabon yana nan a wuyan hannuna. A jikin turbo akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa ta saki hayaƙi idan iska ta kai iyaka, don fankar ta sassauta. Wani siririn rodi ne ke buɗe ta, da noti a tsakiyarsa na daidaita tsawo. Zatona ƙofar ce ta cije da tsatsa. Na kwance faifan ƙarfen da ke kare wurin daga zafi, na haska tocila.

Ƙofar ba ta cije ba. Rodin ne aka gajarta. Zaren da noti ya baro a baya yana nan fes, bai yi baƙi kamar sauran ba, na ƙirga zagaye shida. An ɗaure ƙofar ta yadda ba za ta buɗe ba sai iska ta kai inda bai kamata ta kai ba. A kan notin kuma ga ɗigo biyu rawaya, zafi ya ɗan ƙona su amma ko makaho ya shafa zai gane.

Na daɗe a tsugune a ramin nan. Da alamar wani na gani, da tuni na fito ina ihu.

Na leƙo na kira Ba Birki da hannu. "Wa ya taɓa maka turbo?"

"Ai mai gida ne ya ƙara mata ƙarfi, lokacin da kika tafi kwas ɗin ƙaro ilimi. Na ce masa tana nauyi wajen wuce manyan motoci. Ya shiga ƙasa minti goma, ta fito kamar sabuwa."

"Fitila ba ta kama ba a lokacin?"

"Ina fa. Lokacin cikin gari nake yi, babu hawa babu lodi. Sai da na samu aikin masana'anta ta fara wannan iskancin."

"Sau huɗu kana zuwa, ka ba ni labarin surukarka, ba ka gaya mini wannan ba?"

"Ke wayoyi kike tambayata," ya ce. Kuma gaskiyarsa ne.

Na je ofis na tsaya a bakin ƙofa. "Kawu, don Allah zo ka ga wani abu."

"In razistar ce, tana cikin shara inda kika jefa ta."

"Ba ita ba ce. A cikin rami ne. Kai kaɗai nake so ka gani."

Ya sauko a hankali saboda gwiwarsa, yana dafa bango. Na miƙa masa tocila na nuna masa wurin. Bai tambaye ni mene ne ba. Ya kalli notin, ya kalli zaren, sai na ga bai yi mamaki ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ashe ya daɗe da zargin abin, ya gwammace a yi ta canza sensa ana cewa hannuna ne ba shi da kyau.

"Shekara arba'in ina ƙara wa motoci ƙarfi haka," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Babu wadda ta taɓa kai ƙarata."

"Waɗancan ba su da baki, Kawu. Wannan tana da shi."

Ya zaro tsumma daga aljihu ya miƙo mini. "Jiƙa shi da fetur ki goge. Ki mayar da rodin yadda yake, mu ce masa sensa ce ta huɗu ta yi daidai. Makullinki yana hannunki, magana ta mutu a ramin nan."

Na dubi tsumman. Abu ne mai sauƙi, shafa ɗaya. Na san abin da ɗigon nan yake a wurinsa, na san yadda yake tsoron ranar da za a ce zamani ya wuce shi. Tausayinsa ya kama ni har idona ya yi zafi. Amma na tuna gobe wani direban zai zo ya ce motarsa tana nauyi, Kawu ya shiga ƙasa minti goma, fitila ta kama, a sake nemo ni da razista.

"Da safe ka ce in rufe wa mota baki, na ƙi. Yanzu nawa kake so in rufe. Ba zan goge ba, Kawu. Ba kuma zan hau sama in yi shela ba. Amma duk wanda ya tambaye ni, abin da na gani zan faɗa."

"To, kin zaɓa."

"Na zaɓa."

Ya hau ya bar ni. Na ɗauko littafin motar na duba tsawon da rodin ya kamata ya kasance, na sa sifana goma a kan notin. Shekara goma sha ɗaya ina garejin nan, ban taɓa ɗora ƙarfe a kan fentin Kawu ba sai ranar. Notin ya kwance kamar kowane noti. Na mayar da zagaye shida, na gwada ƙofar da famfon hannu har na ga tana buɗewa a inda littafi ya ce, na ɗaure.

Muka sake komawa hawan da kayanmu da Mai Walda. Allura ta hau, ta kai iyakarta, ta tsaya cak kamar an dafa ta. Muka ƙare hawan ba fitila. Ba Birki ya sauko ya sake hawa sau biyu don kansa, yana yi wa masu keke hon.

Huɗu saura kwata muka shigo gareji. Kawu yana tsaye a tsakar wurin, kowa ya bar aikinsa yana jira. Ba Birki ya diro yana washe baki.

"Mai gida, ta warke. Wai me ke damunta ne duk wannan lokacin?"

"Sensa ce," in ji Kawu, bai dubi inda nake ba.

Ba Birki ya juyo wurina. "Sensa ce, Injiniya?"

"Ba sensa ba ce. Rodin turbo ne aka gajarta fiye da ƙima. Na mayar da shi. Kada ka sake bari a ƙara mata ƙarfi ta nan, ko wane ne zai yi maka."

Ba Birki ya dubi Kawu, ya shiga motarsa, ya kunna. Na ɗaga masa hannu ya dakata, don faifan kare zafi yana nan a bakin rami ban mayar ba.

Kafin in sauka na ciro makullin daga zaren da ke wuyana, na shiga ofis na ajiye shi a kan tebur, kusa da kofin shayin Kawu. Motar za ta fita ba fitila kamar yadda ya ce, amma na san ba wannan ne sharaɗin gaskiya ba. Na sa aka sake hawa da motar kan rami, na sauka na ɗauki faifan.

Ina shirin rufewa sai na ji takunsa a kan matakala, da nishin gwiwar nan. Ya karɓi tocila daga hannuna. Ya naɗe yatsa da tsumma saboda zafi, ya ja rodin, ya saki. Ya ƙirga zaren. Ya ɗora sifana a kan notin ya gwada ɗaurin, bai motsa ba. Ɗigonsa biyu suna nan, sai dai yanzu sun juya suna kallon ƙasa.

"Notin da aka ɗaure ba ya fita daga garejina ba alama," ya ce.

Na zaci gwangwaninsa zai ciro ya sake ɗiga nasa a kan aikina. Ya kai hannu aljihu, ya tsaya, ya fitar da hannun ba komai.

"Ba ni na ɗaure ba. Rawaya kuma nawa ne, ba na ba da aro. Mai son sa alama ya nemi kalarsa."

"Ina da ita," na ce.

Na zuge aljihun cikin rigar aikina na ciro ɗan gwangwanin jan fenti. Shekara biyu ke nan da na saye shi, kullum yana jikina, ban taɓa buɗe shi ba. Murfin ya kafe, sai da na sa bakin sukundireba. Kawu ya dubi gwangwanin, ya dubi tsatsar da ke gefen murfin, na ga yana lissafin tsawon lokacin da na yi ina ɗauke da shi a ƙarƙashin hancinsa.

Ba ni da tsinke. Ya ciro nasa daga bayan kunne, ya goge shi tas a jikin wandonsa, ya miƙo mini. Na ɗiga ɗigo ɗaya ja a gefen nasa biyun, shi kuma yana riƙe mini tocila.

"Makullin nan ya tare mini wurin ajiye kofi," ya ce yana hawa matakala. "Ki zo ki ɗauke abinki."

"Sai na gama ɗaure faifan, Kawu," na ce. "Ka bar shi a nan tukuna."